Baba Dikko, mai amsa kiran makiyaya, ya rasu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina buɗe shago da safen nan ɗiyar Baba Dikko ta kira ni, ta ce Baba ya cika bayan sallar asuba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muke aiki a shagon maganin dabbobi na maigidanmu, nan Sabon Birni. Can na iske shi ina saurayi. Ranar da na fara aiki ya lura ban karya ba. Sai ya turo mini ƙwaryar furarsa, ya fita wai za shi duba mashin ɗinsa.

Shi ya koya mini sauraren makiyayi har ya gama, ko da zai fara da labarin damina kafin ya iso kan saniyar.

Shekarun baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Baki da hankali lafiya lau, amma ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Aka mai da shi garin Isa wurin babbar ɗiyarsa. Da na je gaishe shi, ya ce in kwashe butarsa da dardumarsa daga shago kada su tare wa wani wuri. Duk mun ɗauka aikinsa ya ƙare, shi ma haka ya ɗauka.

Shago ya ji rashinsa. Bafulatani zai kira, in ya ji ba Baba ba ne, sai ya yi gaisuwa ya kashe.

Ana haka maigida ya yarda muka sa wayar nan mai aiki da intanet. Lamba ɗaya ce ta shago, amma tana shiga wayar duk wanda aka haɗa, ko yana ina, in dai yana da data. In kana magana da kwastoma ka ga maganar ba taka ba ce, sai ka tura shi ga abokin aikinka, ba sai ya kashe ya sake kira ba. Don reshenmu na Isa da mai kai mana kaya aka sa ta. Na roƙi maigida a haɗa da Baba.

Da na sa masa ita a waya, ya daɗe yana jujjuya ta, ya tambaye ni to shagon yana ina ke nan. Na ce yana hannunsa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To, ku mai da butata inda take."

Daga ranar Baba ya koma aiki, yana zaune bisa tabarma a inuwar darbejiya.

Kun san yadda hanyoyinmu suka koma saboda 'yan bindiga. In mutumin Tozai ya kira neman magani, Baba sai ya tambaye ni ko akwai shi kafin ya ce masa ya taso. In babu, ya ce masa ya zauna gida, mu za mu neme shi in ya zo. Bai taɓa yarda wani ya hau hanya a banza ba.

Mutanen Gatawa da suka watse, wasu har ƙetaren iyaka, ba su yar da lambar ba. Wani ba magani yake so ba, yana son ya ji ko Baba ya san inda wane ya sauka. Sau da yawa ya sani. Wata baiwar Allah ta nan ta sami labarin ƙanenta.

In network ya ɗauke kuwa, ni ne mai laifi. Yana dawowa zai kira ya ce na rufe masa shago.

Ganinmu na ƙarshe, makon jiya ne. Ya rame ƙwarai. Muna cin tuwo wayar ta yi ƙara, ya ajiye lomar ya ɗauka. Wani ne maraƙinsa ya ƙi shan nono. Ya saurare shi da Fulatanci a natse, ya tura shi ga likitan dabbobin da muke aiki da shi, sannan ya dube ni.

"Nasiru, da na zaci jira kaɗai ya rage mini. Ashe da sauran amfanina."

Da na tashi tafiya ya riƙe hannuna, ya ce in dage da koyon Fulatanci, wata rana shi zai bar mana layin. Na mai da abin wasa. Shi bai yi dariya ba.

Ɗazu wani dattijo ya kira yana neman shi, kiran ya faɗo wurina. Na faɗa masa. Sai na ji yana kuka, ya ce bai taɓa ganin Baba da ido ba.

Za ni Isa yanzu, in Allah ya sa in iske jana'iza.

Allah ya jiƙan Baba Dikko, ya yafe masa kurakuransa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wanga rubutu, ya sa shi cikin addu'a. In kuma ka san wani makiyayi da ya saba kiransa, ka sanar da shi a hankali.