Ranar da Na Rufe Kaina da Kyankyasai a Madafa

Salamu alaikum 'yan uwa. Kun saba ganina a nan da hoton jikoki da gaisuwar Juma'a. Yau wata magana ce da ta fi shekara talatin tana cina. Tun safe nake rubutawa ina gogewa.

A farkon shekarun casa'in muna zaune a Malbaza, maigidana yana aiki a kamfanin siminti. Ina da ciki wata bakwai, bayan ɓari biyu. Duk aikin da zan yi, hannuna ɗaya yana kan cikin nan.

Gidan da muka kama haya yana da madafa ta siminti, da ƙofa da 'yar taga. Ni da na tashi a ƙauye wajen Alela, girki a fili, sai na ɗauka na zama matar birni. Ashe na tarar da masu gida. Kyankyasai. Bayan randa, ƙarƙashin buhun gero, cikin tsagar bango. Ka ɗaga faifai, biyar su watse.

Na zuba toka, na zuba tafasasshen ruwa, na bi su da takalmi har ina haki. A banza.

Sai ranar da maigida ya buɗe kwanon abincinsa a wurin aiki, gaban abokai, ya tarar da ɗaya kwance a kan miya. Shi da dariya ya ba ni labari. Ni ban yi dariya ba. Ina da zuciya, da a ce min ƙazama gara a mare ni.

Na ba da saƙo Konni aka sayo min fiya-fiya, maganin ƙwarin nan na tsallaken iyaka da ake ɗurawa a kwalba babu takarda.

A gidanmu na ga yadda babana yake yi wa rumbu: a zuba magani, a rufe, a liƙe da laka don kada ƙarfinsa ya fita. Haka na yi da hantsi. Na toshe taga da tsumma, na ja ƙofa, na tsoma tsintsiya ina yayyafawa lungu lungu. Abin da ban tuna ba, babana daga waje yake tsayawa. Ni kuwa ina ciki, a durƙushe, ina share waɗanda suka faɗo, har ina jin daɗi.

Ciwon kai ya fara. Yawu ya cika min baki, in tofar ya dawo. Gumi, amai, idona ya yi dishi-dishi, ƙirji kamar an ɗaure da igiya. Da rarrafe na fito tsakar gida.

Maƙwabciyata Inna Rabi ta ɗura min nono, wai yana kashe dafi. Na amayar. Ita ta sa aka kira maigida, aka saka ni gaban wata motar siminti zuwa asibiti.

Malamin asibiti ya buɗe idona, ya shinshina zanena, ya tambayi abin da na sha. Inna Rabi ta ce, "Ba ta sha komi ba. Ɗaki tar ruhe da maganin ƙwari, tana ciki."

Ya ce, "Ku tuɓe mata tufahin ga yanzu, ku wanke ta da sabulu. Kada a ƙara ba ta nono."

Daga nan allura kan allura, har bakina ya bushe, zuciyata tana gudu. Aka sa min ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. An ce na yi ta sambatu ina kakkaɓe kyankyasai daga gado, alhali babu ko ɗaya. Maigida ya sayar da kekensa ya sayo magunguna.

Da hankalina ya dawo, ba ta kaina nake ba. Cikin ya daina motsi.

Kwana ɗaya. Kwana biyu. Na kasa kwanciya, na kasa zama. In danna nan, in danna can, in juya, in sha ruwan sanyi in jira. Kowace safiya ungozoma takan ɗora wani ƙahon ƙarfe a cikina ta kara kunne, ta ce tana jin wani abu can nesa, mu ga gobe. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kuma na tsani kaina.

A rana ta uku ta daɗe tana saurare. Sai ta kamo hannuna ta danna gefen dama, ta ce, "Yi kurum, ɗiyata. Ga shi nan."

Ya shure ni. Sau ɗaya, a hankali. Na yi kukan da ya sa masu jinya suka taso.

Kwana tara aka sallame ni. Na yi wata hannuna yana rawa. A wata na takwas na haihu, mace, 'yar mitsitsiya, numfashinta sama-sama. Likita ya ce ba zai rantse maganin ne ya jawo ba. Dangi kuwa aka ce musu zazzaɓi ne, maigida ya rufa min asiri har ya koma ga Allah.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna Rabi da ungozomar da ban ma riƙe sunanta ba.

Mata, kyankyaso abinci da ruwa da maɓoya yake bi. Kada kwano ya kwana da datti, a rufe abinci da randa, a ɗora buhu kan katako, a liƙe tsagar bango, shara ta fita kullum. Da haka na rabu da su daga baya. In dole sai magani, a nemi mai takarda, a kwashe abinci, mai ciki da yara su fita, a bar ƙofa a buɗe ɗakin ya sha iska kafin a shiga. Wanda ya shaƙa, ba nono ba manja, asibiti kai tsaye tare da kwalbar.

Zalika, ke ce cikin nan. Kin sha tambayata me ya sa kika zo da wuri, na ce miki zazzaɓi. Ba zazzaɓi ba ne, ni ce, a kan kyankyaso ɗaya cikin miya. Na kasa faɗa miki ido da ido.

Wayata tana hannuna. In kin karanta, ki kira ni.