Wanda Ya Yi Muryar Ɗankande

Duk mai bi ta unguwar Aboabo a Tamale da safe ya san Mma Abibata mai koko da ƙosai, amma da wuya ka samu wanda ya san ta taɓa zama zabo. Ita ma ta kusa mantawa, don abin ya haura shekara arba'in.

Tana 'yar shekara goma sha tara mutanen talabijin suka iso Tamale, suna son haɗa wa yara shiri na minti biyar da Hausa, a riƙa sa shi kafin labarai. Suka sa wani saurayin tela, Buraima, ya ɗinka musu zabo da ragowar ƙyalle, ya liƙa masa idanu na maɓalli, aka raɗa masa suna Ɗankande. Saura murya. Maza biyar suka gwada, kowanne kamar ana jan garwa a kan siminti. Abibata koko ta kawo musu, ta tsaya kallo, tsokana ta sa ta toshe hanci ta kwaikwayi kukan zabo. Nan take suka ce ita suke nema.

Babanta ya yarda bisa sharaɗi biyu: kada a ga fuskarta, kada a rubuta sunanta. Don haka a ƙarƙashin tebur ta yi aikinta, an rufe shi da zane, hannunta ɗaya a cikin zabo. Buraima na tsugune gefenta da allura, saboda idon Ɗankande na hagu ba ya jin magana. Shi kuwa Ɗankande ba shi da aiki sai ɓata ƙirga. Ya ce, "Ɗaya, biyu... huɗu!" yara su kwashe da ihu, "Uku fa?" Shekara biyu aka yi, shirin ya mutu ba tare da sallama ba. Ta ajiye zabon a ƙasan akwati, ta auri telan, ta koma bakin tukunyarta.

Yanzu shekara uku ke nan kan Buraima ya fara ruɗewa. Yakan zura zare a allura ya rasa abin da zai ɗinka. Abin da ya fi ci wa Abibata rai shi ne sunanta da ya ɓace masa. In ta miƙa masa koko sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah," kamar baƙon da ya sauka jiya. Takan koma bayan ɗaki ta share hawaye, sannan ta fito ta yi wa masu sayen ƙosai faɗa.

Ana nan sai wani guntun shirin ya ɓullo a wayoyin mutane, hoto duk ya dusashe. Ya faɗa hannun Malam Taufiƙ, wani malamin firamare a Bulpiela da ya yi karatu a Kano ya dawo da Hausa mai sitaci. Ya rantse sai makarantarsu ta karrama mai muryar nan. Ya yi ta cigiya har ya iske tsohuwa Latifatu, maƙwabciyar Abibata, wadda ta nuna masa ƙofa ta ce, "Gidan Buraima tela ke nan. Wanda ya yi muryan yana ciki, shi ne ya sa mu dariya tun muna 'yammata."

To, a Hausar zango, irin wadda ake yi a nan Tamale, mace ma "shi" ce, ita ma "ya" ake ce mata, kowa ya san haka. Malam Taufiƙ ma da wannan Hausar ya tashi, boko ne ya wanke masa kunne. Ya koma ya buga takardar gayyata da sunan Malam Buraima.

Da aka karanta takardar a tsakar gida, Abibata ta rasa dariya za ta yi ko fushi. Buraima ya ɗago kai ya ce, "Ni ne?" Ya sake cewa, "Ashe ni ne." Rabon da ta ga fuskarsa ta washe haka har ta manta.

Duk da haka abin ya tsaya mata a rai. Washegari ta tare yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta saka Buraima a ciki don ba a barinsa shi kaɗai, suka nufi makarantar. Ta sauka ta tsaya gaban malamin, ta gyara mayafi.

"Malam, wanda ya yi muryan nan da kake nema, ga shi a gabanka."

Malam Taufiƙ ya leƙa ta bayan kafaɗarta, ya hango tsoho a zaune. Ya wuce ta da sauri, ya durƙusa ya kama hannun Buraima. "Baba, ashe da kanka ka zo! Kai ka koya wa iyayenmu ƙirga." Buraima ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Abibata ta buɗe baki, ta dubi mijinta, ta mayar ta rufe. Har suka iso gida ba ta gane ko an yi mata ƙwace ne ko ita ta bayar ba.

Ranar taro ta ciro zabon daga akwati ta tafi da shi. Yara sun cika fili, iyaye da kakanni a kan benci, ga tebur an shimfiɗa masa zane har ƙasa. Aka miƙa wa Buraima takardar yabo, aka tafa. Sai Malam Taufiƙ ya ɗora masa Ɗankande a hannu ya ce, "Baba, sau ɗaya kawai, a ji muryar nan."

Buraima ya dubi zabon, ya dubi jama'a. Ya tambayi malamin ina aka kai kekensa na ɗinki, kuma wa ya mutu aka taru haka. Wasu yara suka fara ƙunshe dariya. Tsoro ya kama Abibata, ta ga saura kaɗan tsohon ya fashe da kuka a gaban mutane.

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta zagaya bayan tebur, ta zare zabon daga hannunsa, ta durƙusa gwiwoyinta suna ƙara, ta shige ƙarƙashin zane da mayafinta da komai. Malam Taufiƙ ya tsaya sororo. Kan Ɗankande ya leƙo ta saman tebur, ya kalli hagu ya kalli dama.

"Ɗaya, biyu... huɗu!"

Yara ba su san amsar ba. Masu furfura ne suka miƙe a kan benci, har da limamin unguwa, suka haɗa baki: "Uku fa?"

Malam Taufiƙ ya juya wajen Latifatu. "Mma, ai cewa kika yi *shi* ne."

"E mana, shi ne," in ji ta. "Abibata ne ya yi. Kai ba ka jin Hausa?"

Abibata ba ta ji wannan ba. Tana cikin duhun zane, gumi na zubo mata, sai ta ga an ɗaga gefen zanen. Buraima ne ya tsuguna a hankali ya matso gefenta, daidai inda ya saba zama. Ya kai yatsa ya taɓa idon zabon na hagu, wanda ke lilo a bakin zare.

"Abibata," ya ce, "sauke shi kaɗan, idon nan zai faɗi."

A waje jama'a suna ta kiran Ɗankande ya sake ƙirga. Ta bar su suna jira, ta sauke hannun ta miƙa masa zabon.

"Me ka ce?" ta tambaye shi da muryarta ta gaskiya, alhali ta ji sarai.

"Na ce riƙe shi da kyau, Abibata. Ina allurata?"