Abiyon da Maigidana Ya Sassaƙa

Da yaƙin Nasara ya ƙare, mazan wasu suka dawo Gaya da bargo da keken ɗinki. Nawa ya dawo da surutu.

Shara ya yi a filin abiyo na soja, wato filin jirgin sama, can ƙasar Faransi. Wai a can ya ga wani abiyo da aka ƙwace daga Jamus, ba wutsiya, ba wuya, fiffike kawai kamar jemage, kuma farfelarsa a baya take. Masunta suka kwashe da dariya a bakin kogi. Har yara suka sa masa suna Mai Jemage. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don duk abin da ya rage masa daga yaƙin nan shi ne a yarda ya gani.

Sai ya rantse zai ƙera ƙaraminsa, ya tashe shi a gabansu. Na ce, "Maigida, ga karan dawa, ba nauyi." Ya harare ni. Shi, ɗan gidan masu sassaƙa kwalekwale, ya taɓa kara kamar yaron goye? Maɗaci ya samo, icen da ubansa ke sassaƙa da shi. Ya bar aikin mutane, damina guda yana fama. Ya toshe kowace kafa, ya shafe shi da man kaɗe, wai aikin kirki ba ya shan ruwa. Abin da za a jefa sama fa! Ni kuwa ina sayar da ƙosai muna ci, ina zaginsa a zuci.

Ranar kasuwa ya hau kan gangaren kogi da abinsa, tsawon hannu, nauyin turmi. Ya yi bisimilla ya wurga. Tsulum! Ko ƙoƙarin tashi bai yi ba.

Amma bai nutse ba. Ya zauna daram a kan ruwa, ya kama hanyar Malanbil, garin da ke can ƙetaren kogi. Sarkin ruwa ya bi shi da kallo, ya ce, "Kai, ɗana, hannun ubanka ne sak. Ka yi mini babbansa, amma ka cire kunnuwan nan." Wallahi na fi kowa dariya.

Washegari ya koma sassaƙa, tukunyata ta ga nama. Sai da aka kwana biyu na lura gidan ya yi tsit. Na kawo masa tuwo, na ce, "Maigida, wai jemagen nan, ta ina mutum ke shiga?"

Ya ce, "Wane jemage? Ni shara na yi."