Ranar da Ganga ta Kayar da Rediyona

Jiya na ji gangar noma a Gafasa, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai, makaɗin gayyar garinmu.

Shekarar da na sayo rediyo a Gaya, na rataye ta a gona ranar gayya na ce, "Tsoho, mun sallame ka. Ga makaɗin da ba ya shan fura."

Rediyo tana ta waƙa, samari suna hamma. Tsoho ya gasa fatar gangarsa a rana, ya kama yi wa kowa kirarin gidansu. Ƙura ta tashi! Ni kaina sai da tafina ya yi bororo.

Ya ce, "Ja'iri, akwatin naka ya san sunan kakanka?"

Sai na sauke rediyona na kashe ta. Allah ya jiƙan Tsoho, ya sanyaya makwancinsa.