Ranar Da Hoto Na Biyu Ya Gaskata Ni

Shekaru sun tura, amma har in koma ga Allah ba na jin daminar nan za ta fita daga raina, daminar da gidanmu suka ɗauke ni malalaci.

A lokacin dako nake yi a Dawanau da rani. Wata rana na zamo daga saman babbar mota, buhun dawa ya biyo ni, ƙashin bayana ya tsage. A wani babban asibiti cikin birni aka yi mini aiki, aka ɗaure wurin da ƙarafa da kusoshi. Na warke har ina zuwa masallaci da ƙafata. Sai da ruwa ya sauka, aka fara noma, ciwon ya dawo. Ba irin na da ba ne. Wannan daga ciki yake ci, ga zazzaɓi mai zuwa yana komawa.

Shekarar kuwa ta yi tsanani. Taki ya gagari kowa, rumbu ya kusa ƙarewa, gonar gandunmu tana neman hannu. Yayana, wanda shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, ya kai ni wani ɗan asibiti wajen Bici aka ɗauki hoton ƙashi. Mai duba hoton ya ce kusoshi suna nan daram. Da muka dawo, yayana ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga hoton ga rana, maƙwabta suna leƙawa.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ƙarfe lafiya, ƙashi lafiya. Saura kuma zuciya."

Daga nan masu sannu suka ragu. Ban yi musu ba, don ba ni da abin nunawa. Na ɗauki fartanya na bi su gona, ina noma a durƙushe. Yanzu in na tuna, ba na ganin laifinsa sosai. Mutum ne da bakin ciyarwa ya yi wa yawa, kuma ya yarda da abin da idonsa ya gani.

Matata ce ta ƙi. Ta same shi ta durƙusa ta ce, "Yaya, ni nake wanke shimfiɗarsa. Gumin nan ba na lalaci ba ne. A mayar da shi wurin wanda ya yi aikin."

Yayana ya yarda, muka koma babban asibitin. Likitan da ya yi mini aikin ya sa aka ɗebi jinina, sannan ya ce hoton ƙashi ƙashi kawai yake gani, shi kuwa naman da ke kewaye yake son dubawa. Muka yi ta jira har aka tayar da janareta. Aka yi mini allurar wani ruwa a jijiya, aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da bututu, tana ta ƙara kamar injin niƙa. Aka ce kada in motsa.

Da hoton ya fito, likitan ya kira yayana kusa. Ya ce ƙarfe yakan ɓata irin wannan hoto, shi ya sa suka gyara na'urar suka sake ɗauka. Ya ɗora biro a kan wani ɗan tabo a gefen ɗaya daga cikin kusoshin.

"Mugunya ce ta taru nan. Ƙwayoyin cuta sun kama wurin. Malam, da wannan kake noma?"

Na ce eh. Abin mamaki, mugun labari ake ba ni, amma sanyi na ji a raina. Yayana ya sunkuya ya ɗauko takalmana, ya sa mini da hannunsa.

Aka sake buɗe wurin aka wanke, na daɗe ina shan magani. Na rayu, sai dai dako ya ƙare mini, kuma har yau ba na iya sunkuyawa sosai.

Abin da na koya shi ne, don ba a ga ciwo ba, ba shi ne babu shi ba. Tun daga lokacin, in mutum ya ce mini yana jin ciwo, nakan fara da yarda da shi.