Kifin da ba shi da kai

Yayana ya yi 'yan watanni a kicin ɗin wani otel a nan Garwa, wankin kwanuka fa, amma ya dawo mana da doguwar farar hula kamar buhun fulawa, wai mu riƙa ce masa shef, wato babban kuku. Ni da lakwal, wato boko, ta gagare ni, ko ni na san wanke-wanke ba girki ba ne.

Shagon ƙofar gidanmu yake hari. Telan ciki ya tashi, shi kuma yana son Baba ya ba shi ya buɗe gidan abinci. Baba ya ce to, ya dafa masa ya ci tukuna.

Sai ga kawunmu daga Lagdo da giwan ruwa ƙato, idonsa garau. Inna ta fara haɗa kayan miya, Yaya ya ce ta huta, yau file za a yi, tsoka zalla ba ƙaya, irin na Nasara. Ya daɗe yana wasa wuƙa kamar zai yi layya. Ya yanko gefe, ya yanko ɗayan, ya ɗaye fata. Kai da ƙashi da duk kitsen ciki ya kwasa ya watsa wa kuliyoyin bayan gida. Na ce masa kuliyoyin sun gode, shef, sun ce Allah ya ƙara ilimi. Ya ce baƙauye ba zai gane ba.

A gidanmu kan kifi na Baba ne, kowa ya sani. Shi yake tsotse shi a nutse, mu muna haɗiyar yawu.

Yaya ya ajiye masa faranti: 'yar tsoka fara sol kamar sabulun wanka, da yankan lemun tsami a gefe, wai ado. Har da rusunawa yana cewa bon apeti, wai a ci lafiya. Baba ya juya abin da yatsa, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Wa ya riga ni cin kan?"

"Baba, ai file ba ya da kai."

"Da kansa ya zo daga Lagdo. Ina yake?"

Yaya ya soma kame-kame da Faransanci. Ni na taimaka masa, na nuna bayan gida.

Baba ya cinye tas, ya wanke hannu, har ya ce gishirin ya yi daidai. Sannan ya ce wanda ke zubar da rabin kaya tun kafin ya hura wuta ba zai riƙe masa shago ba. Wani mai cajin waya Baba ya ba shagon.