Baƙo a Tudun Wada

Duk ƙarshen wata, in an idar da la'asar, mai unguwarmu yakan sa a shimfiɗa tabarmi a filin makarantar firamare, ƙarƙashin darbejiya, 'yan sanda su zo mu zauna da su. Tun da al'amura suka dagule a ƙauyuka aka fara wannan zama a ɓangarenmu na Tudun Wada. Ni ba ma'abocin taro ba ne. Ko a aji ina koyarwa a tsaye nake wuni, in kuwa aka zaunar da ni kan tabarma sai ƙafata ta yi ta rawa kamar ta tela. Amma ina zuwa, domin a unguwarmu wanda bai zo taro ba da shi ake hira.

Maganar kusan ɗaya ce kullum: masu fizgen waya a kan babur, samarin da ke shaye-shaye a kango, da lungun da ba fitila. Jami'in da ke jagorantar 'yan sandan dogo ne mai sanyin murya, ba ya katse kowa. In zai rufe taro sai ya ce, "Duk wanda ya ga baƙo a unguwa, ya sanar." Mu gyaɗa kai, a shafa fatiha, a watse. Ni ma na sha gyaɗa kai, don a lokacin baƙon da nake gani a raina wani ne can mai rufaffiyar fuska, ba wanda zai ci tuwon gidana ba.

Sai ga Baffa ya sauka. Haka muka tashi muna kiransa, ko da yake ba jininmu ɗaya ba. Bafulatani ne, rugarsu tana dajin bayan Rawayya, a ƙasar Bunguɗu. Muna yara a Tsafe, duk shekara in an kwashe amfanin gona yakan biyo da shanunsa ya yada zango a gonar mahaifina, shanu su ci kara su bar mana taki, shi kuma ya ci abinci a zaurenmu. Mahaifina mutum ne da ba ya iya sa hannu a akushi shi kaɗai. Ranar da ba baƙo, sai ya aika tasha a dubo ko akwai wanda mota ta bari. A wuyan Baffa na fara ganin saman dawa.

Wannan Baffan ne ya iso ƙofar gidana a Gusau, ya tsufa, ya rame, ɓarayin daji sun kore shanunsa kakaf, ga gyambo a ƙwauri da ya ƙi warkewa. Na buɗe masa shagon ƙofar gida, na sanar da mai unguwa tun a ranar, muka fara zuwa asibiti ana wanke ciwon. Ma'aikaciyar jinyar da ke wanke shi ta ja kunnena, ta ce in dai ana so ƙafar nan ta rufe, kada a yi fashin zuwa.

To amma Baffa bai iya zama ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa bayan shanu, ɗaki bai san shi ba. Da hantsi zai fita yana ɗingishi, sanda a gicciye bisa kafaɗu, ya bi lungu-lungu. Duk inda ya ga rago a ɗaure sai ya tsaya. Ya tambayi yara na wane ne, me ake ba shi. Matata har tsokanarsa take yi, ta ce ai mu mun huta, mun samu namu ɗan sandan a gida, ga sandar ma kowa na gani. Inda ya fi daɗewa shi ne bayan katangar wani Alhaji maƙwabcinmu, ɗan kasuwa, wanda ke kiwon wani farin bijimi a turke. Katangar gajera ce. Baffa ya ɗora haɓa a kai, yana yi wa bijimin magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, bijimin yana kaɗa kunne. Na gan su sau da yawa in zan wuce makaranta, kuma duk sanda na gani sai zuciyata ta karye.

Ana cikin haka aka sace tumaki a layin bayanmu. Taron watan ya cika fiye da kullum, har tabarmi suka kasa, wasu suka zauna kan takalmansu. Tun da na isa na ji jikina ya ba ni, don gaisuwar da ake yi mini gajera ce. Jami'in ya tambayi ko akwai mai magana, sai Alhajin ya miƙe yana gyara babbar riga.

"Ranka shi daɗe," in ji shi, "akwai wani baƙo da ka yawo cikin unguwar ga, shina leƙen bisashen mutane. Kullum shina bayan katangata. Har tambaya shikai, wanga na wa na, mi aka ba shi. To mu dai hankalinmu bai kwanta ba."

Daga baya wani ya jefo kalmar da kowa ke tsoro a ƙasar nan, ya ce infoma, wato mai kai wa ɓarayi rahoto. Ban san sanda na miƙe ba. Ina da saurin fushi, ban taɓa musun haka ba.

"Baƙona na!" na ce. "Gidana shike, mai unguwa ya sani. Mutumin da anka kore ma shanu duka, ko ɗan maraƙi ba a bar mai ba, shi za ku ce ma infoma? Ku dubi ƙahwatai mana! Da wace ƙahwa za shi kai rahoton?"

"Malam, ba da kai muke ba," in ji Alhaji. "Amma ka san da wa shika waya?"

"Wayar ma ni ka danna mai ita!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka hau hayaniya, mai unguwa yana ta ɗaga hannu. Ina tsaye ina huci na tuna cewa ƙanin Alhajin nan ɓarayin daji sun taɓa tare shi a hanyar Tsafe, kuma wanda ya nuna musu shi mutum ne da suka saba gaisawa. Tsoronsa ba na ƙarya ba ne. Wannan tunanin bai sanyaya ni ba, sai ma ya ƙara ɓata mini rai, don na rasa wanda zan yi faɗan da shi.

Jami'in ya bari ƙura ta lafa, sannan ya yi mini tambayoyi a tsanake: daga ina, tun yaushe, me ya kawo shi. Ya ce shi bai ga laifi a nan ba, kuma ba wanda zai taɓa dattijon. Sai ya rage murya ya ce, "Amma Malam, ka ga yadda mutane suke. Ina jin tsoron wani ya gamu da shi a lungu ya yi aika-aika kafin mu ji. Ya zauna gida. In za shi asibiti, ka raka shi." Kowa ya ce hakan ya yi. Na koma na zauna, don na san gaskiya ya faɗa.

Sai da na zagaya unguwa kafin na iya shiga gida. Na tarar da Baffa a bakin shago yana jan carbi. Na tsuguna na faɗa masa, ina ta kwana-kwana, ina sassauta abin da ba ya sassautuwa. Ya saurara har na gama, yana shafa sandarsa da babban yatsa. Sai ya yi 'yar dariya.

"To, ni ma an turke ni ke nan," in ji shi.

Ya gwada, Allah ya sani ya gwada. Ya zauna a shago, daga tabarma sai bakin ƙofa, daga bakin ƙofa sai tabarma. In bijimin Alhaji ya yi kuka sai ya ɗaga kai, ya jima a haka. Kwanon abinci ya fara dawowa da saura, matata ta daina tsokana. Ni kuma na kasa tsayawa a makaranta, ana tashi sai in yi gida a guje, in leƙa in ga ko yana nan. Abin haushin, ciwon ya fara haɗewa, ma'aikaciyar har ta yaba.

Wata safiya na fito na same shi ya ɗaure ƙunshinsa. Ya ce zai tafi wajen 'yarsa da ke aure a wani ƙauye kusa da Tsafe. Na roƙe shi, na ce ƙafar fa, saura kaɗan. Na ce can ba asibiti, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da girman mahaifina.

"Ɗana," in ji shi, "kai ba ka rage ni da komi ba. Amma ni ban taɓa kwana inda aka tsorona ba, kuma ba ni hwarawa yanzu da hurhura."

Na ɗauke shi a babur zuwa tasha. Da muka zo daidai katangar Alhaji na rage gudu, ina tsammanin zai so ya leƙa. Sai na ji ya juya fuskarsa ɗaya gefen, har muka wuce.

Kafin wata ya ƙare 'yarsa ta kira ni ta ce ciwon ya sake buɗewa, yanzu ko bakin ƙofa sai an riƙe shi. Na ce zan zo in ɗauko shi. Ta kai masa wayar, ya yi mini godiya, ya sa mini albarka, ya ce a'a.

Taro ya sake zagayowa, na je na zauna can gefe, ƙafata tana rawarta. An yi maganar fitila, an yi ta kango. Kafin a rufe jami'in ya waiwayo ya ce, "Malam, ya jikin baƙonka?"

"Ya tahi," na ce. "Yanzu gidana babu baƙo."

Sai na ji muryoyi daga ko'ina, da zuciya ɗaya, ba da mugunta ba, ana cewa to madalla, alhamdu lillahi. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. A zauren mahaifina, ranar da aka faɗi wannan magana ba a buɗe akushi.